Notarin tafi-da-gidanka a lokacin annoba: yaya ake shaida sa hannu daga nesa?

"Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York na Amurka, kuma ban daɗe da karɓar lasisin notari ba. Niyyata in riƙa bin mutane gida da asibiti ina shaida musu sa hannu bayan na tashi daga aiki. An ce mini kana wannan sana'a tun kafin korona. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, doka ta ce sai mutum ya bayyana a gabanka, likitoci kuma a lokacin suka ce kada a kusanci juna. Yaya kuka haɗa biyun? Kuma in wata annoba ta sake ɓullowa, Allah ya kiyaye, wane aiki zan karɓa, wanne zan ƙi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Idan na fahimce ka, kana tambayar yadda za a yi sana'ar da jarinta kusantar mutum ne, a ga fuskarsa, a riƙe katinsa, a ji muryarsa, a lokacin da kusantar ce ke kai mutane asibiti. Zan amsa maka da abin da na gani a New York, tunda a nan lasisina yake aiki. Kowace jiha da tata ƙa'idar, ni kuma ba lauya ba ne, don haka maganata ba ta ɗauke maka karanta dokar jihar da kake ba.

Saboda masu karatu na gida, bari in fara daga tushe. A Najeriya notari lauya ne da ya daɗe yana aiki, Alƙalin Alƙalan ƙasa ne ke naɗa shi, takardar rantsuwa kuwa yawanci a kotu ake yin ta. A Nijar ma masanin shari'a ne mai ofishinsa, bisa tsarin Faransa. A Amurka abin bai kai haka nauyi ba. Jiha ce ke ba da lasisi, kuma a New York jarrabawa za ka ci ka biya kuɗin rajista, ko da kuwa tasi kake ja. Ba ruwan notari da ko cinikin da ke cikin takarda mai kyau ne ko maras kyau. Abu uku hatiminsa ke ɗauke da su: wannan mutumin shi ne mai sunan, ya san abin da yake sa wa hannu, kuma ba tilasta masa aka yi ba. Matsayinsa kusan na shaidun ɗaurin aure ne, waɗanda ba a karɓar "an gaya mini" daga bakinsu, sai "ina wurin, da kunnena na ji". Na tafi-da-gidanka shi ne mai saɓa jaka ya je inda mai sa hannu yake, gida ko asibiti ko gidan kula da tsofaffi.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba. Ranar 15 babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa kusa da sifili, ranar 22 kuma dokar kulle ta fara aiki a New York. Duka a kanmu suka sauka. Kuɗin ruwan bashin gida ya yi ta faɗuwa, har a watan Yuli na bashin shekara 30 ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, jama'a suka yi ca suna sabunta bashin gidajensu, kuma babu sabuntawar da ke yiwuwa ba notari. Tsoron mutuwa kuma ya tuna wa mutane wasiyya da takardar wakilci (wadda ke ba wani ikon yin abu a madadinka) da suka yi shekaru suna ɗagawa. Bankuna da shagunan da aka saba zuwa a buga hatimi sun rufe ko sun rage aiki. Aiki ya yi yawa daidai lokacin da fita ta zama kasada, ga shi da dama daga cikin 'yan sana'ar dattawa ne da suka yi ritaya, waɗanda cutar ta fi kayarwa.

Takarda, biro da wurin zama

Abin da ya fi tayar mana da hankali da farko, daga baya shi ya zamo mafi sauƙi. Wani bincike da ya fito a Maris 2020 ya nuna ƙwayar cutar kan kai awa 24 a kan kwali, kwana uku a kan roba da ƙarfe, sai kowa ya tsorata da takarda. Muka koma sayen biro kwali-kwali, duk wanda ya sa hannu a bar masa nasa. Safar hannu ta roba ba ta buɗa shafi da kyau, man tsaftace hannu kuma in bai bushe ba sai ya dama tawada, shafin da ya ɓaci kuwa banki ba ya karɓa. A Kalifoniya abin ya fi wuya, domin dokarsu ta wajabta dangwala babban yatsa a littafin notari in takardar gida ce ko ta wakilci, kuma littafin ba ya barin hannun notari. A Afrilun 2021 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce haɗarin kamuwa ta taɓa kaya kaɗan ne. Iskar ɗaki ce matsalar, da kuma tsawon zama.

Tsawon zaman kuwa shi ne ciwon aikin bashin gida. Takardun sukan haura shafi ɗari, a wasu a sa hannu, a wasu a sa harufan suna, abin da kan ci awa guda cur a teburin mutum. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce rage zaman tun kafin in fito. Ina liƙa ƙaramar alama a duk shafin da ke buƙatar hannu, in roƙi kamfanin da ya ba ni aikin ya aika wa mai gida kwafi ya karanta tun da wuri, tambayoyin kuɗi kuma ya yi su da jami'in bankinsa ta waya. Dama doka ba ta ba ni damar yi masa fashin baƙin yarjejeniya ba.

Sai wurin zama. Shawarar da ta yi ta yawo a lokacin ita ce a yi a baranda ko a gareji, ko ta taga. Wanda ya ba da wannan shawara bai taɓa hawa benen Bronx ba. Mutuminmu yana hawa na shida, lif ɗin mutum uku yake ɗauka, barandar babu ita. Sai dai harabar ƙasa kusa da akwatunan wasiƙa, ko kan bonet ɗin mota, iska na ɗaga takardu, sanyi na ƙanƙarar da yatsu har sa hannun mutum ya daina kama da nasa. Ga kuma tonon asiri. A takardun nan akwai lambar Social Security ta mutum, wato lambar shaidarsa ta gwamnati, da albashinsa da bashin da ake binsa, maƙwabta na wucewa, kuma ka san unguwarmu, kowa ya san kowa. Na fi son mota biyu a jere, ko shi yana cikin tasa gilashi a sauke, ni ina tsaye daga gefe, takardun na kan katako mai matsewa.

Akwai kuma nauyin al'ada, wanda Bature abokin aiki ba zai gane ba. Ka je gidan dattijo ya miƙo hannu ka noƙe, uwargida ta aiko da ruwa ka ce a mayar, a ce bisimilla shigo ka toge a bakin ƙofa. Maganinsa waya. Kafin in taso nake cewa, "Baba, a gafarce ni, ba zan shigo ba, ba kuma za mu yi musabaha ba, saboda lafiyarku ne." In an ji tun daga nesa ba ya zama raini.

Fuska da katin shaida

A nan aikin gaske ya fara. Daga 17 ga Afrilu 2020 sa takunkumi ya zama dole a New York a duk inda ba za a iya ba da tazara ba. To mutum ya rufe hanci da baki, ya sa hula da tabarau, hoton da ke katinsa kuma an ɗauke shi shekaru da suka wuce. Ido da goshi kaɗai ba sa isa. Abin da nake yi shi ne in ce ya ajiye katin a kan tebur ko bonet ya ja da baya. In ɗauka, in karkata shi a haske in ga tambarin da ke ƙyalli, in shafa in ji rubutun da ya taso, in duba bayansa. Sannan daga tazarar ƙafa shida ko fiye in ce ya sauke takunkumin na ɗan lokaci, in dube shi in dubi hoton, ya mayar. Wanda ya ƙi saukewa, ba zan buga hatimi ba. Matar da ke sa niƙabi ma haka ne, sai dai a nema mata wurin da ba idon jama'a, in ta fi so a turo mata notari mace.

Kada ka yarda a manna maka kati a jikin gilashin taga a ce ka duba. Ta gilashi ba ka jin kaurinsa, ba ka ganin ko an sake liƙa hoto. A turo shi ta ƙarƙashin ƙofa cikin leda, ya zo hannunka.

Wata matsalar ita ce katin da ya ƙare. Ofisoshin lasisin tuƙi sun rufe, gwamnatin jiha ta tsawaita wa'adin lasisin da suka ƙare daga farkon Maris 2020, amma a jikin katin tsohon kwanan wata ne. Jiha ta ce yana aiki, wani bankin ya ce shi bai yarda ba. Tambayi wanda zai karɓi takardar kafin ka ƙona mai. In mutum na da fasfo mai rai, shi ya fi raba gardama.

Wanda ke bayan ƙofa

Wannan shi ne abin da nake so ka fi riƙewa, domin cutar kana iya kare kanka daga ita da takunkumi da iska, katin bogi kana iya kama shi da ido da yatsa, amma sanin ko mutum da son ransa yake sa hannu, tazara ta kusa kashe shi gaba ɗaya.

Lokacin lafiya, in ka shiga ɗaki kana karanta abubuwa da yawa ba tare da ka yi tambaya ba. Ka ga wa ke amsawa in an tambayi tsoho. Ka ga ko yana satar kallon wani kafin ya buɗe baki. Ka ga kwalaben magani a gefen gado, ka gane ko barci ne a idonsa ko ruɗewa. Kana iya cewa, "Don Allah a ba mu wuri ni da Baba," kowa ya fita ka rufe ƙofa. Ta taga duk wannan babu. Abin da firam ɗin taga ya nuna maka shi kaɗai kake gani, ba ka san wa ke tsaye daga gefe ba. Ga takunkumi ya toshe murya, tsoho mai nauyin kunne da ya saba karanta leɓe ya rasa abin kamawa, sai ya riƙa gyaɗa kai ga duk abin da aka ce don kada ya ba mutane wahala. Gyaɗa kai ba amsa ba ce.

Wata rana wani matashi ya kira ni kan takardar wakilci ta mahaifinsa. Gidan a hawan ƙasa yake, dattijon na zaune bakin taga, ɗan yana tsaye tare da ni a waje riƙe da takardar. Na kira wayar dattijon don mu ji juna sosai, muka gaisa da Hausa, hankalinsa garau, har ya tambaye ni mutanen gida. Na ce, "Baba, wannan takarda ta mece ce?" Ya ce ta karɓo masa magani ce, tunda shi ba ya fita. Takardar da ke hannuna kuwa tana ba ɗan iko a kan asusun banki da kadarori. Ban ce yaron macuci ne ba, wataƙila taƙaita wa tsoho bayani ya yi, wataƙila shi kansa bai karanta ba. Amma ba abin da Baba ya sani ke nan ba. Na ce su nemi lauya ya zauna da shi ya yi masa bayani, in ya fahimta ya amince su sake kirana. Ran ɗan ya ɓaci, kuɗin zuwana ma ban nema ba.

Lura da irin tambayar. Ba a cewa "Ka gane ko?" domin amsarta "e" ce ko da yaushe. Ana cewa "Gaya mini da bakinka me za ka sa wa hannu, wa kake ba, me zai iya yi da ita." Kuma kai da shi za ku yi magana kai tsaye, ba ta bakin ɗa ko mata ba. Jin Hausarka babban jari ne a nan, haka in kana jin Zabarmanci ko Faransanci. Sai dai ka san iyakarka: kai ba likita ba ne, ba ka yanke hukuncin cewa wani ya rasa hankali. Iyakar ikonka ka ce "ban gamsu ba" ka tafi.

Gidajen kula da tsofaffi sun fi ko'ina tsanani. Ranar 13 ga Maris 2020 hukumar tarayya mai kula da su ta ce a hana baƙi shiga, asibitoci ma suka rufe ƙofa. Sai a ce maka, "Ba wa nas takardar ta shiga da ita ya sa hannu ta fito maka da ita." Wannan haramun ne a sana'ar nan, ko da nas ɗin waliyyiya ce. Akwai takardar da mutum zai iya sa wa hannu kafin ka zo, ya amsa a gabanka cewa hannunsa ne. Akwai ta rantsuwa, wadda dole ya rantse ya sa hannu kana kallo. A duka biyun sai ka gan shi, ka ji shi. Ka ƙara da shaidu: wasiyya a New York na buƙatar shaidu biyu, kuma daga Yunin 2021 takardar wakilci ma haka, kodayake notari na iya zama ɗaya daga ciki. Tara mutum huɗu a lokacin kulle, waɗanda ba su da rabo a takardar, shi ma aiki ne.

Bidiyo

Za ka ce me ya hana a koma bidiyo gaba ɗaya? An koma, amma bai rufe ramin ba. Jihar Virginia ta fara tun 2012, kuma kafin annoba jihohi sama da 20 sun yi dokarsa. New York ba ta ciki, sai ranar 19 ga Maris 2020 Gwamna Andrew Cuomo ya fitar da umarnin gaggawa mai lamba 202.7. Sharuɗɗansa: a yi magana kai tsaye ba faifan da aka naɗa ba, mutum ya nuna katinsa a cikin kiran, ya furta cewa yana cikin jihar New York a lokacin, ya turo kwafin takardar a ranar da ya sa hannu, notari ya buga hatimi a kwafin ya mayar. In ana son hatimi a ta asali, sai ta iso cikin kwana 30. Umarnin ya faɗi a Yunin 2021 da aka ɗage dokar ta-ɓaci, kuma an sami waɗanda suka ci gaba da yi ba su san ƙasa ta zame musu ba. Dokar gaggawa da ranar mutuwarta take zuwa, ka riƙa dubawa.

Matsalolinsa a fili suke. Bankuna da kamfanonin inshorar mallakar gida da yawa sun ce su tawada a kan takarda suke so. Tsohon da ya fi kowa buƙatar a nisance shi, shi ne ba shi da na'urar buga takarda, bai iya ɗaukar hoton shafi ya turo ba, sai jikansa ya riƙe masa waya, ka ga an koma gidan jiya: wanda ke riƙe da wayar shi ke zaɓar abin da za ka gani. Shi ya sa nake cewa a juya kyamara a nuna mini ɗakin duka. A manhajojin da aka gina don wannan aiki kuma, kwamfuta kan yi wa mutum tambayoyi biyar cikin minti biyu daga tarihin adireshinsa da motocinsa da basussukansa, sai ya ci huɗu. Ɗan'uwanmu da bai daɗe da zuwa ba, bai taɓa cin bashin banki ba, ba shi da tarihin da za a tambaye shi a kai, sai manhaja ta kore shi alhali shi ne shi.

Yanzu New York tana da doka ta dindindin tun Janairun 2023. Sai ka yi rajista daban, ka naɗi zaman, ka adana shi shekara 10, kuma kana iya cajin har dala 25. A watan ne kuma aka wajabta wa kowane notari riƙe littafin rajista. Ni tun kafin nan ina riƙewa, kuma a lokacin korona nakan ƙara rubuta inda aka yi zaman, ta taga ne ko a mota, da waɗanda ke wurin.

Batun kuɗi gajere ne. Hatimi ɗaya na ido da ido a New York dala 2 ne, abincinka yana cikin kuɗin zuwa. Annoba ta ƙara maka kuɗin takunkumi da biro da lokaci, ga wanda zai kira ka kana hanya ya ce zazzaɓi ya kama shi, bayan ka riga ka buga shafi ɗari biyu a na'ura. Faɗi kuɗin zuwa da na fasawa tun a waya.

In ta sake dawowa

Takardar da ba ta da nauyi, mai ita kuma matashi ne mai cikakken kati, bidiyo ya wadatar, in wanda zai karɓa ya yarda. Bashin gida, a yi shi a waje ko a mota bayan an karanta tun da wuri. Takardar wakilci, wasiyya, ko mallaka wa wani gida daga hannun tsoho ko majinyaci, a ganina wannan sai ido da ido, ko da ta taga ce da waya a kunne, kuma sai wanda zai amfana ya matsa inda nake ganinsa, ba ya kusa da mai sa hannu. In an ce ba zai yiwu ba, a nemi wani. Kada kuma ka taɓa rubuta kwanan watan da ba na ranar ba don an ce maka wa'adi zai wuce.

Tunda a Bronx kake, yawancin aikinka na 'yan'uwa zai zama takardar wakilci da za a aika gida, a sayar da fili ko a karɓi gado. Ka gaya musu tun farko hatiminka matakin farko ne kawai. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ke taƙaita tantance takardu tsakanin ƙasashe, don haka takardar kan bi ta ofishin magatakardan gunduma, da ofishin sakataren jiha, sannan ofishin jakadanci, kuma a lokacin kulle waɗannan ofisoshi ko a rufe suke ko ta gidan waya kawai suke aiki. Nijar ma ba ta cikin yarjejeniyar. Najeriya ta yi sabuwar dokar notari a 2023 wadda ta amince da shaida ta bidiyo, amma ma'aikacin ofishin filaye da zai karɓi takardar yana iya cewa shi hatimin da zai taɓa da hannu yake so. Sa mai takardar ya kira lauyansa na gida ya tambaya wace iri za a karɓa kafin ku sa ranar zama.